Marinin Inna

Inna ta sauka Dubai da harshe a ɗaure. Hawan jini ne ya kayar da ita a tsakar gidanmu na Fagge, ya shanye mata ɓarin dama, ya tafi da maganarta gaba ɗaya. Ni ce autarta, Kamila. Na daɗe a nan ina sayen abaya da takalma a Deira ina tura wa 'yan Kantin Kwari ta kago, jirgin kaya, kuma ni na kafe sai an kawo min ita an duba ta. Babban yayanmu Zainul Abideen ne ya rako ta, da carbinsa da littattafansa da fuskar nan tasa da ba ta san hanyar dariya ba.

Masaukina a Al Muraqqabat ɗaki ɗaya ne babba da aka raba biyu da katako, irin rabon da masu gidajen haya ke yi a unguwar. Ni da Inna muka ɗauki ɓangaren taga, Yaya Zainu ya shimfiɗa katifa a ɗaya ɓangaren tsakanin kwalayen takalma. In ya yi tari muna ji, in na yi tsaki yana ji. Kuma na yi tsakin da yawa.

Wanda bai san Inna a da ba, ba zai gane abin da ciwon nan ya ɗauke ba. A Fagge ba a ce mata Maimunatu kawai, sai an ƙara da Mai Fassara. Tun zamanin kaset, matan layinmu a gidanmu suke cika bayan la'asar don kallon Indiya, kuma ba don talabijin ɗinmu ta fi ta kowa ba. Inna suke zuwa ji. Ba ta san kalma ɗaya ta yaren Indiya ba, amma da an kunna sai ta gyara zama ta ce, "Zainu, rage muryar nan, mutanen nan sun cika surutu." Aikinsa ke nan yana yaro, ya murɗa har ƙasa. Daga nan ita ce sarki, ita ce baiwa, ita ce dokin ma in ta kama. Kowa sai ta raɗa masa suna ta sa masa magana a baki, mata na share hawaye da bakin zani a kan labarin da babu Ba'indiyen da ya taɓa rubuta shi.

Wannan matar ce aka kai gaban likitar koyar da magana, wata 'yar Filifin mai haƙuri, tana ɗaga mata katin hoton kofi da na kyanwa tana cewa ta faɗi sunansu. Inna sai ta dube ta kamar yadda take duban mai tallan da ya kawo ruɓaɓɓen tumatir, ta juya kai. Makonni muna zarya ko "a" ba ta ce ba. Likitar ta ja ni gefe ta ce hankalinta lafiya lau, harshen ma zai iya motsawa, amma sai an samo abin da zai ci mata rai har ta kasa yin shiru.

A wurin zaman jira na asibitin muka same shi. Wani dattijo Ba'indiye na kusa da mu yana kallon wani shiri mai dogon zango a wayarsa, irin na sarakunansu na da da abubuwan bautarsu, inda kibau ke karo a sama suna tartsatsi. Inna ta san shirin, ta daɗe tana binsa a Kano kafin ta kwanta. Na ga wuyanta ya miƙe. Da wani mutum mai shuɗin jiki ya fito, sai hannunta na hagu ya damƙe min gwiwa har na ji zafi. Wannan shi take kira Marini, don a cewarta babu mai yin shuɗi haka sai wanda ya ƙare rayuwarsa a bakin karofin Ƙofar Mata.

Ranar nan na wuce wurin Dickson Kure, mai gyaran waya a wani ɗan lungu na Deira. Mutumin Kagoro ne, kuma shi ke gyara wa rabin Hausawan kasuwar wayoyinsu. A Al Quoz yake kwana, cikin leburori 'yan Nefal da 'yan Indiya, kuma a wurinsu ya kamu da ciwon wannan shirin. Suna da wani guruf nasu na masoya: wani ya ɗauko kashin da aka nuna, wani ya matse shi ya zama ɗan mitsitsi yadda mai ƙaramar waya da ƙarancin data zai iya saukewa, sauran su yi ta miƙa wa juna. Ba mai sayarwa, ba mai saye. Dickson yana cikin masu matsewar, kuma yana alfahari da hakan fiye da gyaran wayar da ke ciyar da shi.

"Hajiya, kin zo gida," ya ce. "Tun daga farko har inda aka tsaya jiya, duk ina da shi. Kawo babbar wayarki."

Na ce ba tawa ba, ta Inna. Na ajiye masa 'yar wayarta mai madannai, wadda fentin lambobinta ya goge. Na riga na gwada ba ta tawa, ta ture, don hannu ɗaya ya rage mata kuma wannan kaɗai yatsanta ya sani. Dickson ya juya ta yana dariya, ya ce kakarsa ma ta wuce wannan, amma ya cika mata memori taf.

Inna ta farfaɗo kamar an zuba wa alayyafo ruwa. Ta fara cinye abincinta. Tana yarda a zaunar da ita ba sai an yi daru ba. Wayar na hannunta daga hantsi zuwa la'asar, ƙararrawa da ganguna da waƙe-waƙensu na tashi ƙasa-ƙasa, leɓenta na ɗan motsi. Amma magana, ko ɗaya. Kallo kawai take, Indiyawan na ta surutunsu.

Katako ba ya riƙe sirri. Wata Talata da rana Yaya Zainu ya dawo daga masallaci da wuri, ya tsaya a bakin labule yana sauraro, sannan ya shigo ba sallama ya zare wayar daga hannunta.

"Inna lillahi. Kamila, gumaka? A hannun mahaifiyarki marar lafiya kika danƙa gumaka?"

"Fim ne, Yaya. Fim ɗin da kai ma ka girma a gabansa."

"Wancan na soyayya ne da rawa, shi ma Allah ya yafe mana. Wannan bautarsu ce. Ba ki ji abin da suke rerawa ba? Matar nan ƙafarta ɗaya na kabari. In mutuwa ta zo, da me kike so ta same ta a kunne?"

Ba zan yi masa ƙarya ba, yana son Inna. Shi ke ɗaukarta zuwa mota, shi ke yi mata tofi da asuba, na sha ganin yana matsa mata ƙafa idonsa jawur. Tsoronsa na gaskiya ne. Amma raina ya riga ya ɓaci, na ce masa ni ba mutuwa na kawo ta nema Dubai ba, in ita ce akwai ta a Kano ba sai an hau jirgi ba. Na ce Inna ta yi shekaru tana kallon Marini ba ta taɓa fashin salla ba, kuma ita ta koya masa Fatiha da wannan bakin da yake gadi.

Ya ɓalle murfin wayar, ya sa farce ya fizgo memorin da ƙarfi har na ji wani abu ya yi ƙas, ya jefa a aljihu. Ya ajiye wa Inna wayar a cinya.

"Khalas," ya ce. "Shi ke nan. Magani ya ƙi. Bizarta ta kusa ƙarewa, ba za a sabunta ba. Jirgin Asabar za mu bi. A gida a yi mata addu'a cikin danginta."

Na san gidan da yake nufi. Za a kwantar da ita a ɗakin ƙurya, 'yan dubiya su yi ta shigowa suna "sannu Inna, ya jiki," wani ya amsa mata da "da sauƙi" tun kafin ta motsa baki. Za a so ta, a ciyar da ita, a yi magana a madadinta har ranar da za a ɗauke ta. Nan ne kaɗai ake zaunar da ita a jira ta faɗa da kanta. Na dubi Inna, tana ta danna wayar da babban yatsa, allon ba komai, hawaye na bin gefen fuskarta da ya shanye.

Na buɗe durowa a gabansa, na ɗauki fasfonta, na sa a jakata, na rataya.

"Kamila, ni kike yi wa haka?"

"Kai dai. Kuma fim ɗin zan dawo da shi, ina faɗa maka tun yanzu don kada ka ce na yi a ɓoye."

Washegari na ɗauki wayar na nufi Deira a cikin ranar nan da ke dafa ƙwaƙwalwa. Dickson ya sa madubin idonsa ya leƙa cikinta, ya girgiza kai. Ya ce gurbin memorin ya karye, kuma kayan irin wannan tsohuwar sai an aika Sin, ba za su iso kafin Asabar ba. Abin da ya rage sai ɗan cikin wayar kanta, wanda ko hotunan biki ba zai ɗauka da yawa ba.

"Wane ne ya yi mata wannan aika-aika?"

"Yayana. Ya ce gumaka ne."

Ya kwashe da dariya. "Ashe duk ɗaya ne. Fastonmu ma ya ce in ya sake kama ni da shi sai na tsaya gaban ikilisiya. To Hajiya, shwaiya shwaiya, a bi a hankali. Zan iya matse miki kashi biyu ko uku su shiga, amma irin wannan matsi sai an yar da wani abu. Ko hoto ko murya, ɗaya zai tafi. Yaranmu na Al Quoz murya suke bari, su sa a kunne suna aiki, don su yarensu ne."

Na tsaya ina tunani. Inna ba ta jin yaren. Kuma Yaya Zainu waƙar ce ya ce kada ta same ta a kunne. To, bari mu ga abin da zai kama in babu waƙar.

"Cire muryar," na ce.

"Gaba ɗaya? Ba ƙararrawa, ba kiɗan yaƙi? Hajiya, wannan ai tuwo ne ba miya."

"Yalla, Dickson, yi maza. Cire."

Na faɗa masa wurin da Inna ta tsaya, ya zaɓo, ya yi ta matsa yana gwadawa yana tsaki. Abin da ya fito ko ni na tausaya masa. Fuskoki sun dagule, zinaren sarakuna ya zama ɗigo-ɗigo, in doki ya ruga sai ya bar rabinsa a baya. Marini kaɗai ake ganewa daga nesa, don shuɗi ba ya ɓuya. Dickson ya miƙo min yana cewa kada in gaya wa 'yan guruf ɗinsu shi ya yi wannan, za su kore shi.

Ban ɓoye ba. A gaban Yaya Zainu na sa wa Inna wayar a hannu. Ya buɗe baki, na riga shi: "Ba waƙa, ba ƙararrawa. Kunnenta a tsarkake yake. Saura me?" Ya ce hoton fa. Na ce ya duba da kansa in ya ga gunki ya nuna min. Ya ƙi dubawa. Ya ce in yi abin da na ga dama, Asabar dai tana nan, kuma fasfo ko na haɗiye shi sai na amayo. Ya koma bayan katakonsa.

Inna kuwa ba ta gode min ba. Ta kunna, ta kai wayar kunne, ta girgiza ta, ta danna wurin ƙara murya har yatsanta ya gaji. Ta harare ni harara irin ta da, wadda ke sa mu shiga taitayinmu muna yara. Ranar Alhamis haka ta wuni tana kallo tana huci, in an zo wani wuri sai ta buga wayar a cinya. Na fara cewa a raina na yi ɓarna, na raba ta da ɗan abin da ya rage mata don kawai in ci gardama. Yaya Zainu ya sayo babbar jaka ya fara haɗa kayanta, yana ninke zannuwanta ɗaya bayan ɗaya inda zan gani.

Ranar Juma'a ya tafi masallaci. Ina zaune a ƙasa ina naɗe abayoyin wata mai kaya, na juya wa gado baya, sai na ji wani sauti kamar ana jan tsohuwar ƙofa.

"Ƙar... ya."

Na ɗauka maƙwabta ne. Na waiga. Inna ta kafa wa wayar ido, jijiyar wuyanta ta tashi. A allon wani dagulallen mutum mai gashin baki yana durƙushe gaban sarki, bakinsa na motsi ba abin da ke fita.

"Ƙarya... yake," in ji Inna. "Mu... nafiki."

Abayar ta faɗi daga hannuna. Na so in yi ihu, in rungume ta, in kira duk wanda na sani a Kano. Amma na san Inna, in ka katse ta a tsakiyar labari ta fasa ke nan. Na cusa gefen mayafina a baki na zauna inda nake, ina kuka ba sauti. Ashe duk kwanakin nan da Indiyawan ke surutu ba su bar mata wurin shiga ba. Yanzu ga mutane suna ta buɗe baki a gabanta ba mai faɗa musu abin da za su ce, kuma wannan Maimunatu Mai Fassara ba za ta iya zuba ido ta gani ba.

Kalmomin na fitowa da ƙyar, wasu a karye, wasu rabi, miyau na zuba ta gefe tana sharewa da kafaɗa. Sarki ya ce wa mai gashin baki, "Tashi... ka ba ni... wuri." Sarauniya ta ce, "Na... faɗa maka." Da Marini ya shigo sai muryarta ta yi laushi, ta ce, "Sannu... da aiki," kamar yanzu ya fito daga karofi.

Ana haka na ji an turo ƙofar waje. Yaya Zainu ya ji murya ta bayan katako, bai tsaya tantancewa ba. Ya banko labule da dardumarsa a kafaɗa.

"Kamila! Ba kin ce kin cire..."

Na riga na miƙe na tsaya tsakaninsa da gadon. Na yi niyya ko zai ture ni sai dai ya ture, amma wayar nan ba zai taɓa ta ba. Sai dai ba ni yake kallo ba. Ya zagaye ni a hankali kamar mai tafiya cikin barci, ya tsaya a gaban taga, inuwarsa ta rufe ɗan allon.

Inna ta ɗago kai. Ta dube shi tun daga hula har ƙasa.

"Zainu," ta ce. "Mat... sa."

Ya matsa. Mutumin da ke da jikoki a hanya, ya yi tsalle gefe kamar ɗan shekara bakwai. Dardumar ta zame ta faɗi bai sani ba.

Ta sake kallon wayar, ta kai ta kusa da kunne, ta ji shiru, sannan ta dube shi. Rabin fuskarta mai lafiya ya yi murmushi.

"Kai... ka rage?" ta ce. "Allah... ya yi... albarka."

Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Ni na sha ranar Deira, ni na ci harara kwana biyu, shi ya tashi da albarka. Na buɗe baki zan gyara mata, sai na ga gemun nan nasa da ake tsoro ya jiƙe da hawaye. Na bar masa. Ai da ba don ya karya gurbin ba, da har yau Indiyawa ke magana.

Bai ce amin da ƙarfi ba, leɓensa kawai na gani. Sannan ya zauna a ƙasa a gefen gadon, ya juya wa wayar baya don kada idonsa ya sauka a kan hoton, ya fuskanci jakar da ya cika da zannuwanta. Amma kunnensa na wajen Inna, ni na ga yadda ya karkatar da kai. Ita kuwa ta ci gaba, Marini ya ɗaga hannu, mai gashin baki ya fara rantse-rantse, tana jawo kowace kalma kamar guga daga rijiya mai zurfi.

Can ya yi gyaran murya, bai waigo ba.

"Kamila," ya ce a hankali, "bizar nan, a ina ake sabuntawa?"

"Yi mana shiru, Yaya," na ce. "Inna na magana."